Hannun da Ba Ya Gaisawa

Ranar Talata aka sauke shi a Dakace,
cikin akwatin katako mai tsawon shago.
Mu goma sha ɗaya muka ja igiya,
ana "a ɗaga!" ana "ya Allah!", gumi har ido.
Tanimu ya dafe ƙugu, ya dubi abin ya ce:
yau kam kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Hannu ne guda, rawaya, ba kafaɗa ba wuya,
gwiwa uku, yatsun ƙarfe kamar manjagara.
Shekara ashirin da biyu nake jera buhun abincin kaji,
shi ko a yini ɗaya ya koya.
Buhu ɗari shida a awa,
ba ya cewa wash,
ba ya neman izinin zuwa jana'iza,
in an kira la'asar ko waiwaye ba ya yi.

Kafin watan ya mutu an kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya.
Istifanus ya koma Wusasa, ya ɗauki babur bashi.
Barau na bakin Galma yana ban ruwan tumatir.
Tanimu har yanzu yakan zo da safe,
ya tsaya tsallaken titi kamar mai jiran mota.
Asabe mai ƙosai, da can tiya uku take jiƙawa,
yanzu mudu guda ma sai ya kwantai.
Ita ba wanda ya kira ta ofis.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya:
mai ba shi umarni Suwaiba ce, 'yar ƙanena,
wadda kuɗin makarantarta daga gadon bayana ya fito.
Tana riƙe da allo na gilashi,
ta shafa da yatsa, ƙaton nan ya rusuna.
Ta ce, Baffa, ido gare shi, ga shi can sama,
kuma yana magana da kwamfuta a Legas,
tun ciwo bai kama shi ba yake faɗin inda zai yi.
Na ce, to, ya fi ni. Ni sai na faɗi ake sani.

Sai damina ta sauka.
Wata Alhamis ya cafki buhun da ya sha raɓa,
bakin ya kwance, gari ya turnuƙe ɗakin,
idon ya rufe ruf.
Ya yi ta damƙar iska yana jerawa,
iska bisa iska, tsaf, layi-layi,
har jar fitila ta kama ihu.
Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi.

Da yamma ta same ni ina wanke ƙafa.
Baffa, yaya kake gane buhun da zai ci amana?
Na ce ɗinkin yakan yi murmushi a kusurwa.
Ta rubuta.
Na ce in ka ɗaga, cikinsa kan zube gefe kamar mai barci.
Ta rubuta, allon na haska fuskarta,
fuskar uwarta sak.
Ta ce, saura me?
Na buɗe baki, na dubi tafin hannuna.
Na ukun a nan yake, cikin kanta,
bai taɓa hawowa harshe ba.

Yanzu aikina ke nan: tsumma da ɗan buroshi.
Kafin a kunna shi nakan hau tsani in goge masa ido,
yadda nake wa mahaifina a shekarunsa na ƙarshe.
Albashin ya ragu, bayan ya daina ciwo,
ban san wanne zan kai gaban Allah ba,
kuka ko godiya.

Jiya da asuba, ba kowa,
na miƙa masa hannu, na ce ina kwana.
Ƙarfen da sanyi.
Na sauko, na leƙa ƙofa,
na sayi ƙosai na mutum biyu,
na tsallaka titi.